Zuwa Ga Ƙannena Masu Son Karatun Nukiliya

Da yawa daga cikinku sun yi karatu a Zariya, wasu ma can aka yanke musu cibiya, amma in aka tambaye su ko akwai tukunyar nukiliya a Najeriya sai su ce babu. To akwai. Tana Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da CERT, kuma tun 2004 take aiki. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta wajen kilowat 30, ba ta ba ko gida ɗaya wutar lantarki. Aikinta awo ne. A ɗebo ɗan ƙasa, ko dutse, ko hatsi, a sa a cikinta, a fito da shi a karanta irin sinadaran da ke ɓoye a jikinsa da yawan kowanne.

Shekara 14 abin da ke cikin wannan tukunya yuraniyom ne da aka tace har kashi 90 cikin 100, kimanin kilo ɗaya. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, ɓangarensa mai amfani bai wuce kashi 0.7 ba. Tashoshin lantarki suna aiki da wanda aka tace zuwa kashi 3 ko 5. Wanda ya kai 90 kuwa shi ne irin na bam. Kilo ɗaya bai isa bam ba, domin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana ɗaukar kilo 25 ne a matsayin adadin da ya isa a tayar da hankali. Duk da haka ba kayan da za a bari a gari a kwanta barci da munshari ba ne, balle a shekarun da bama-bamai suke tashi a Kaduna da Kano da ita kanta Zariya. A ƙarshen 2018 aka ciro shi, aka sa wanda aka tace zuwa kashi 13 a madadinsa, aka ɗora tsohon a jirgin sama aka mayar da shi Sin. Ma'aikatanmu sun je Ghana, inda aka yi wa tukunya irinta wannan aiki a 2017, suka yi ta maimaita ciro shi a kan na gwaji har hannunsu ya faɗa, kafin su taɓa na gaskiya. Ta Zariya ce tukunya ta ƙarshe a Afirka da ta yi aiki da irin wancan mai.

Duk tsawon shekarun nan ba a ji wani abu ya salwanta ba, ba a ji an kwashi mutanen Samaru zuwa asibiti ba. Hakan ya faru ne saboda wasu mutane da ku da ni ba mu san sunayensu ba sun riƙa duba ƙofa, suna karanta na'ura, suna rubuta lamba a littafi, suna sa hannu, kullum, har ranar da babu mai dubawa ko sun yi. Wannan shi ne aikin da kuke cewa kuna so, kuma a kansa nake son mu yi magana.

Na san abin da ya ja hankalinku. Kun ji Masar tana gina tasha mai tukwane huɗu a El Dabaa tun 2022, kun ji Ghana da Najeriya suna ta maganar tasu, kun ji akwai guraben karatu a waje. Tambayar da kuke yi mini ba ta wuce ina ake samun tallafi ba, da wane fanni ya fi tsoka. Zan taɓa wannan a ƙasa. Amma wanda zai riƙe makullin ɗakin da ke da guba, hali ake fara dubawa a gare shi kafin takarda, kuma ban ga ana gaya muku haka a aji ba.

Masu sana'ar sukan ce aikin kashi uku ne. Akwai kare mutane daga sharrin kayan, kada tururinsu ya cutar da ma'aikaci ko maƙwabci. Akwai kare kayan daga sharrin mutane, wato ɓarawo da ɗan ta'adda da ma'aikacin da ya sayar da amanarsa. Akwai kuma lissafi, wanda da shi ƙasa take nuna wa duniya cewa abin da ta ce na zaman lafiya ne ba ta karkatar da shi zuwa makami ba. A takarda an raba su. A aikace ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe takan rusa duka ukun.

Ku ji abin da ya faru a Goiania, wani birni a tsakiyar Brazil, a watan Satumba na 1987. Wani asibitin gashin ciwon daji ya tashi daga tsohon gininsa, aka bar na'urar gashi a ciki ana shari'a a kan ginin. Ranar 13 ga wata mai gadi bai zo ba. Wasu masu tsintar ƙarafa biyu suka shiga, suka kwance kan na'urar, suka tura shi gida a baro. Tun a daren suka fara amai, suka ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki. Da suka huda ƙarfen sai ga wani gari kamar gishiri, yana ba da shuɗin haske cikin duhu. Sinadarin siziyom-137 ne, duka-duka bai kai giram 100 ba. Suka sayar wa wani mai wurin gwangwan. Shi kuma abin ya ba shi sha'awa, ya kai ɗakinsa, ya kira 'yan'uwa da abokai su zo kallo, ya gutsura musu. Wasu suka shafa a fata. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da shi a ƙasa, ta ci abinci da hannun.

Matar mai wurin ce ta fara lura cewa tun da abin nan ya shigo gida kowa yake kwanciya. Ba ta yi karatun kimiyya ba. Ranar 28 ga wata ta sa ragowar a jaka, ta hau bas, ta kai ofishin lafiya, ta ajiye a kan tebur ta ce wannan ne yake kashe mata iyali. Washegari aka samu wani masanin fiziks da ya zo garin ziyara, ya aro na'urar awon tururi. Tun bai ƙarasa ofishin ba allurar ta ƙure, har ya zaci na'urar ce ta lalace, ya koma ya sauyo wata. Ita ma ta ƙure. Ya iso daidai lokacin da 'yan kwana-kwana suke shawarar jefa jakar cikin kogi, ya hana su. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da matar da yarinyar. An auna mutum wajen 112,000 a filin ƙwallo, an samu 249 da gubar a jikinsu ko a kayansu, an rushe gidaje an kwashe ƙasarsu.

Duk lokacin da na ratsa wurin 'yan gwangwan na ga yara suna fasa ƙarfe da guduma, wannan labari nake tunawa. Muna da irin waɗannan kaya a ƙasar nan fiye da yadda kuke zato. Suna asibitocin gashin ciwon daji, suna hannun masu ɗaukar hoton walda a bututun mai, suna cikin na'urorin awo a masana'antun siminti da na lemo, suna hannun masu binciken rijiyoyin mai. A ƙarshen 2002 wasu guda biyu na binciken rijiya sun ɓace daga motar wani kamfani a yankin Neja Delta, sai daga baya aka gano su a Jamus cikin tsofaffin ƙarafa. A Arlit ta Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, masu awo na wata cibiya mai zaman kanta ta Faransa sun taɓa samun ƙarafa masu tururi ana sayarwa a kasuwa, irin waɗanda mutane ke saya su yi rufi ko kayan gida. A Filato ma tarin ƙasar da haƙar kuza ya bari tana ɗauke da ma'adinai masu tururi, kuma akwai masu ɗiba su yi gini. Saboda haka kada wani ya ce muku sai an gina tasha sannan za a buƙace ku. Hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta Najeriya, NNRA, da ta fara aiki a 2001 bisa dokar 1995, ita ke da alhakin sanin inda kowane ɗaya daga cikin kayan nan yake, wa ke riƙe da shi, da inda za a kai shi in ya tsufa. Ƙasar tana da faɗi, masu awon kuwa ba su da yawa.

Yanzu bari in zo inda ya fi damuna. An rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya. Yaro ba ya musu da babba, ba ya ce wa malaminsa ya yi kuskure a gaban mutane. Amma a wannan sana'a akwai ranar da ladabin gaskiya shi ne ka ce, "Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba sai an sake awo." In ba za ka iya furta wannan jimla ba, ka nemi wani fannin tun da wuri.

Na taɓa raka wani ɗan'uwa ɗaukar hoton ƙirji a wani asibiti. Ma'aikacin saurayi ne mai fara'a. Na lura babu ɗan bajon nan a rigarsa, wanda ake maƙalawa domin ya riƙa tara lissafin tururin da jiki ya sha. Na tambaye shi, ya jawo aljihun tebur ya nuna mini su a jere, nasa da na abokan aikinsa. Ya ce an daɗe ba a aika su wurin karantawa ba, shi ya sa suka daina sawa, kuma shi ƙarami ne, ba ya son a ce ya cika ƙorafi. Ƙa'idar duniya ita ce kada abin da ma'aikaci ke sha ya wuce milisibat 20 a shekara in an raba a kan shekara biyar. Wannan saurayi bai san nawa ya sha ba, ogansa ma bai sani ba. Na daɗe ina tunaninsa. An koya masa danna na'ura, ba a koya masa cewa yana da haƙƙin tsayar da aiki ba.

Kada ku ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A Tokaimura ta Japan, ranar 30 ga Satumba 1999, ma'aikata uku suna haɗa ruwan yuraniyom. Hanyar da hukuma ta amince da ita tana da jinkiri, sai kamfanin ya saba da gajeriyar hanya, ana juyawa da bokitin ƙarfe. Tankin da iyakarsa kilo 2.4 suka zuba masa wajen kilo 16. Shuɗin haske ya walƙa, biyu daga cikinsu suka mutu bayan watanni na azaba. Ba miyagu ba ne, umarni suka bi, kuma ba wanda ya zaunar da su ya fahimtar da su dalilin iyakar. A Chernobyl ma, kafin tukunya ta huɗu ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, an riga an gano tun 1983 cewa sandunan kashe irin wannan tukunya suna da aibi, amma ba a gaya wa masu aiki da ita yadda ya kamata ba. Na sama suka ɓoye, na ƙasa suka yi shiru.

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na tashar nukiliya ta Onagawa. Ranar 11 ga Maris 2011 igiyar teku ta afka wa gabar Japan. Kowa ya ji sunan Fukushima Daiichi, inda ruwa ya cinye injinan ko-ta-kwana, tukwane uku suka narke. Kamfanin da ke da ita ya ga lissafin ma'aikatansa tun 2008 cewa igiya mai tsayin mita 15.7 tana iya zuwa, ya ajiye maganar. Onagawa ta fi Fukushima kusa da inda girgizar ta tashi, amma ta tsira, har ɗaruruwan mutanen garin da gidajensu suka tafi suka fake a cikin harabarta. Dalili shi ne wani injiniya mai suna Yanosuke Hirai. Lokacin da ake tsara ginin ya kafe a kan sai an ɗaga wurin zuwa mita 14.8, domin ya san tarihin wata igiya da ta taɓa cin yankin a shekara ta 869. Igiyar 2011 ta kai wajen mita 13 a wurin. Hirai ya rasu tun 1986, bai ga ranar ba. Ku lura, abin da ya kafa hujja da shi tsohon labarin ƙasarsu ne, irin wanda mu ma muke da shi a bakin tsofaffi game da inda kogi ya taɓa kaiwa da shekarar da ya kai.

Sai maganar ɓarawo. Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari, kuma duk masu tsaron kayan nukiliya sun yarda da shi. Katanga da kyamara suna tare baƙo. Wanda ke da katin shiga, ya san lokacin sauyin masu gadi, ba su tare shi. Abdul Qadeer Khan ma'aikaci ne a wani kamfani a Holan da ke yi wa masana'antar tace yuraniyom ta Urenco aiki. A ƙarshen 1975 ya koma Pakistan da ilimin ƙera injinan tacewa, daga baya cinikin ya kai Iran da Libiya da Koriya ta Arewa, har ya fito a talabijin a Fabrairun 2004 ya amsa laifi. Katangar ma sai da mai kula take aiki. A 2012 wata tsohuwa 'yar shekara 82, Megan Rice, 'yar darikar Katolika da ta yi shekaru tana koyarwa a Najeriya da Ghana, ta yanka shinge tare da mutum biyu suka kai har jikin rumbun yuraniyom na Y-12 a Amurka, domin nuna adawa da makaman. Bincike ya nuna wasu kyamarorin sun yi watanni a lalace, masu gadi kuma sun saba da ƙararrawar ƙarya har sun daina tashi.

Abin da wannan yake nufi gare ku a fili yake. Za a bincike ku kafin a ɗauke ku, a ci gaba da bincikenku bayan an ɗauke ku, kada ku ji haushi. Za a hana ku shiga wasu ɗakuna ku kaɗai, sai ku biyu, ko da abokin naku ƙaninku ne a aiki. Hoton wurin aiki ba na Facebook ba ne. Baƙon da ya fara da yabo, ya biyo da kyauta, ya ƙare da tambayar yadda ake shiga wuri kaza, ku kai rahotonsa ran nan. Bashi da caca da shaye-shaye ƙofofi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuma abokin aiki ya sauya hali, faɗa wa shugaba ba tsegumi ba ne, wataƙila ma ceton shi abokin ne.

Wasunku masu zafin jini sukan ce mini, don me za a hana mu abin da wasu suke da shi? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, da aka buɗe a 1968 ta fara aiki a 1970, ta amince wa ƙasashe biyar su riƙe nasu bisa alkawarin za su nemi hanyar kwance ɗamara, kuma har yau ba su cika ba. Wannan rashin adalci ne, ku faɗe shi a duk taron da kuka samu kanku. Amma ku san tarihinku kafin ku yanke hukunci. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya, iskar hunturu kuma daga can take busowa zuwa kanmu. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida, ta kwance su da hannunta, shugabanta F. W. de Klerk ya bayyana haka a 1993. Yarjejeniyar Pelindaba, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, ta haramta makamin a nahiyar baki ɗaya. Ba wanda ya tilasta mana wannan matsayi, iyayenmu ne suka zaɓe shi bayan sun shaƙi ƙurar, kuma ni ina ganin sun yi daidai.

Lissafin nan kuma yana kare mai gaskiya. Kafin yaƙin Iraƙi an fito da wasu takardu da ke cewa Nijar ta yi cinikin tan 500 na garin yuraniyom da Saddam Hussein. A Janairun 2003 shugaban Amurka George Bush ya ambaci yuraniyom ɗin Afirka a jawabinsa ga majalisa. Da takardun suka isa hannun ma'aikatan IAEA, ba su daɗe ba suka ga ɗaya tana ɗauke da sa hannun ministan da ya bar kujerar fiye da shekara goma kafin ranar da aka rubuta a kanta. Ranar 7 ga Maris shugaban hukumar na lokacin, Mohamed ElBaradei, ya gaya wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa jabu ne. Bai hana yaƙin ba, amma ya wanke Nijar. Wanda ya yi wannan aiki mutum ne mai haƙurin karanta takarda layi-layi. Sufeton hukumar ma haka aikinsa yake: ya auna, ya ƙirga, ya duba hatimin da ya manna bara ko an taɓa shi, ya gwada littafin ƙasa da abin da idonsa ya gani.

Game da hanya, ba ta da wani sirri. Ku riƙe lissafi da fiziks da kemistiri tun daga sakandare. Ba kowa ne zai zama injiniya ba, ana neman likitoci da masu ɗaukar hoto, lauyoyi masu rubuta doka, jami'an kwastan a Apapa da Jibiya da Illela, masana kwamfuta, da masu binciken ƙasa. Bayan Zariya akwai cibiyar makamashi ta jami'ar Ile-Ife, akwai makarantar nazarin nukiliya ta Kwabenya a Ghana da ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka, akwai gajerun kwasa-kwasan da IAEA ke yi da cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya. 'Yan'uwana mata, tun 2020 hukumar take ba da tallafin digiri na biyu mai sunan Marie Curie domin ku kaɗai, kuma asibitocinmu suna da mata marasa lafiya da yawa da za su fi sakewa a hannunku. Ku gyara Turancinku na rubutu, wanda ya samu Faransanci ya ƙara, domin rahoton da ba a fahimta ba kamar ba a rubuta shi ba ne. Ku saba da rubuta abin da na'ura ta nuna, ko da ba shi malami yake jira ba. Ɗalibin da ya gyara lamba a ɗakin gwaji domin ta dace da littafi ya fara koyon abin da zai kashe mutane wata rana.

Akwai kuma aikin da za ku iya farawa a makon nan, ba sai da digiri ba. Alamar tururi fuka-fukai uku ce kamar na fanka, baƙi ko ja-ja a kan ruwan ɗorawa. An gano mutane da yawa ba su san ma'anarta ba, shi ya sa a 2007 aka ƙara wata: jan alwatika mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa da mutum yana gudu. Ku buga su a takarda, ku je wurin 'yan gwangwan na unguwarku, ku gaida shugabansu yadda ya dace, ku nuna musu. Ku gaya musu da Hausa cewa ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, mai wannan alama, ba a fasa shi, ba a sa shi a aljihu, ba a kai shi gida. A matsa nesa da shi, a hana yara zuwa wurin, a sanar da 'yan sanda su kira NNRA. In wani ya riga ya taɓa shi ya fara amai, ko fatarsa ta yi kamar ƙuna ba tare da wuta ba, a kai shi asibiti a gaya wa likita ainihin abin da ya taɓa da kuma ranar da ya taɓa shi.